Gidaje Bakwai a Bakin Titikaka

Ina shekara huɗu uwata ta hau mota
zuwa São Paulo, ɗinkin wanduna.
Ta bar mini bargo ɗaya da ƙauye guda.

Litinin gidan Casilda nake kwana,
mai shanya dankali a sanyin dare har ya daskare,
da asuba ta tattake shi da ƙafa tsirara.
A wurinta na kwaso taurin kai.
Fermin mai kwale-kwalen ciyawa
bai taɓa jera mini kalma goma ba.
Shi ya koya mini shiru,
da gane fushin tafki tun bai taso ba.
Dariyata kuwa, wannan mai firgita tumaki,
ta Saturnina ce,
har gobe cewa take in mayar mata da abarta.

Da na kai sha biyar abin ya ishe ni.
Ido ta ko'ina.
In na tsaya da wani ɗan ajinmu a bayan coci,
kafin in iso gida labari ya riga ni,
ya ci tuwo, ya wanke hannu.
Na so ƙofa mai sakata.
Na so a kira sunana ba a liƙa masa "tamu" ba.
Na ce: Ai ba ku kuka haife ni ba!
Casilda ko ɗagowa daga saƙarta ba ta yi ba.
Ta ce: Gaskiyarki. Miƙo mini jan zaren can.

Kwana uku ina laluben kaina
ko zan sami abin da ba aro ba.

Ran na huɗu, da yamma, iska na yankan kunne,
na hangi yaro a kan duwatsun gaɓa,
ba takalmi, majina har leɓe,
ruwa na lasar dugadugansa.
Ɗan wa ne? Ban tambaya ba.
Tsawar da ta fito bakina ta Casilda ce,
hannun da ya cafke shi na Fermin,
amma ƙaryar da na shirya masa a hanya
yana goye a bayana,
cewa kifaye duk sun tafi barci,
wannan ban ji ta a bakin kowa ba.

Na shiga gidan da hayaƙinsa ya fara tashi.
Aka ƙaro kwano biyu.
Ba wanda ya ce uffan.