Zartsi

A zaurenmu na Daura, bayan la'asar,
Baba Mati na kishingiɗe bisa buzu.
Idanunsa sun daɗe da rufe ƙofa,
yatsunsa ne kawai ba sa barci.
Shekara arba'in yana haƙar rijiya,
daga Zango har Mai'aduwa
babu ƙasar da harshensa bai ɗanɗana ba.

Na ce, Baba, na dawo.
Motar albasa ta mutu mana a kudu,
kwana uku muna jiran ƙarfe daga Aba,
zafi na turara mu kamar dambu.
Gumin can ba ya bushewa, zama yake da kai.
Wani Etim mai kwalekwale ya ga na ƙosa,
ya ce, zo ka ga inda ƙasa ta ƙare.

Baba ya ce, ƙasa ba ta ƙarewa, Sada.
Gaba nawa kafin a tarar da ruwan?

Na ce, ba a haƙawa. A kwance yake,
har inda ido zai gaji ya komo.
Babu guga, babu layi,
babu mai cewa ni na riga ka.
Gaɓar shiru, daga ni sai Etim,
sai wani farin tsuntsu, ɗan'uwan balbela,
tsaye da ƙafa guda kamar mai jiran bashi.

Sai itatuwan.
Nan harshena ya yi tuntuɓe,
don ba su da suna a bakinmu.
Na ce, ka san gawo, mai yi wa damina gardama?
Waɗannan sun fi shi taurin kai.
Saiwoyinsu duk a waje,
sun tattare zane kamar mata za su haye gulbi,
suka kai tsakiya suka fasa,
suka tsaya nan, suka hayayyafa.
Ƙarƙashinsu baƙin taɓo
mai warin rijiyar da ta shekara ba yasa,
da ƙananan ƙaguwoyi,
kowace da ƙaton hannu ɗaya
tana yi wa iska jinjina.

Da hantsi ruwan ya ja baya.
Na ce ya ƙafe. Etim har da riƙe ciki.
Kafin la'asar sai ga shi ya dawo,
ba hadari, ba cida,
ba wanda ya fita roƙo.

Baba ya ce, wanda ya yi nisa
bakinsa ya fi jakarsa kaya.

Sai na ɗora masa gorar roba a tafi.
Ya girgiza ta kusa da kunne,
ya buɗe, ya shinshina,
ya ɗiga a harshe,
ya tofar.

Zartsi ne, ya ce.
Rijiya uku na binne saboda wannan.
Ta Sandamu wata biyu na yi a cikinta,
ran da na ɗanɗana, sai da aka jawo ni,
ƙafafuna sun ƙi hawa.
Ka ce itace na shan wannan ya yi ganye?

Na ce, kore shar, Baba.

Bai ƙara magana ba.
Akuya ta leƙo ta koma.
Na zaro ɗan itacen daga aljihu,
dogo, siriri, kamar ɗan zogale,
wanda ke faɗowa ya soki taɓo da kansa.
Ya shafa shi tun daga kai har tsini.
Ya ce, kafa shi bayan randa.
Na ce, ba zai yi ba a nan.
Ya ce, na tambaye ka?

Cikin dare, gari ya yi tsit,
na ji tarinsa ta bayan katanga,
na ji murfin gora na juyawa.

Sada, ka yi barci?
A'a, Baba.
Ruwan nan naka,
yanzu ya tafi ne, ko ya dawo?