Kifin da Bai Ga Wuta Ba

Shekara talatin da ɗaya ina bandar kifi a Tabalak.
Hayaƙi ya shige mini riga, ya shige ido,
har uwar ɗiyana, Allah ya jiƙanta, takan ce
ko cikin duhu da hanci take gane ni.
Sai ga Indatu, autata, ta karɓi albashin fari,
ta ce: Baba, yau ni zan ciyar da kai.

Taksi ya aje mu a Filato bayan lisha,
wani lungu, kusa da mai facin taya.
Shuɗin ƙyalle tsage biyu a bakin ƙofa,
na sunkuya kamar mai leƙa rumbu.
Tebur biyar na ƙirga.
Jar fitilar takarda tana lilo, kumbure kamar gora.

Yaron da ya tarbe mu Bazabarme ne, Hamani.
Ya kawo katako, ba akushi ba,
loma takwas a kansa,
dunƙulen shinkafa, kowane ya yafa kifi.
Ɗanye.
Na dubi ɗiyata. Ta dubi rufin ɗaki.
Ta ce babu alade, babu giya, tun jiya ta tambaya.
Na ce ba shi nake tambaya ba,
ina wutar?

Aka ba ni tsinke biyu.
Hannun da ya ja taru da giwan ruwa a ciki
yau ƙwayar shinkafa ta kayar da shi.
Loma ta kuɓuce, ta faɗa baƙin romo,
ta yi wa rigata ta Juma'a zane.
Ga wani koren abu a gefe, na ce kuka ce aka kwaɓa,
na lakata.
Ashe yaji ne da bai san hanya ba,
ya bar harshe ya bi ta hanci.
Ina hawaye, Indatu na dariya,
dariyar uwarta sak, har da dafe ƙirji.

Can bayan kanta akwai tsoho, Okuda suke ce masa,
goshi ɗaure, ba ya magana.
Wuƙarsa na kalla.
Ja ɗaya yake yi, ba ya komawa baya.
To, wannan na sani.
Wanda ya girmama kifi ba ya yankansa sau biyu.
Hamani ya ce daga Kwatano kifin ya zo, cikin ƙanƙara.
Na ce ya fi ni yawo.

Sai wuta ta ɗauke. Yamai ke nan.

Cikin duhu na aje tsinken mutane,
na yi bismilla, na sa yatsu uku.
Sanyi na fara ji,
sai ɗan tsami a shinkafa,
sai kifin ya saki jiki a baki kamar man shanu.
Ɗanɗanon tafki da asuba
kafin kowa ya hura wuta.
Duk shekarun nan ina lulluɓe shi da hayaƙi,
ban taɓa barinsa ya faɗi tasa ba.

Inji ya yi tari, haske ya dawo,
ya kama ni hannu a katako kamar ɓarawon miya.
Na ɗaga kai.
Tsohon ma loma ce a yatsunsa, yana tauna.
Ya gyaɗa mini kai, na gyaɗa masa.

Takardar kuɗi ta zo, Indatu ta danne ta da tafi,
amma na hango.
Buhun hatsi ne muka cinye, mu biyu, ban ƙoshi ba.
Na haɗiye maganar. Ba kowace ƙaya ake tofarwa ba.

A bakin ƙofa tsohon ya kama hannun rigata,
ya kai hanci, ya daɗe,
ya faɗi wani abu gajere.
Hamani ya juya mini:
wai haka ubansa yake ƙamshi.

Cikin taksi, muna bin gefen kogi,
Indatu ta yi kwana a kafaɗata.
Na shinshina rigar a hankali.
Ni ban ji kome ba.