Ganyen da Ya Ƙi Naɗuwa

Da hantsi na dawo daga kasuwar Mai Wurno,
kabeji a hammata kamar kan jariri,
da ɗan nama daga teburin Ɗan'azumi.
Ya niƙa mini, bai tambayi dalili ba.
Ya san ranar. Duk unguwa ta san ranar:
shekara guda ke nan cif da tafiyar Tasalla.

Ita ce mai naɗi.
Takan sulala ganye har ya miƙa wuya,
ta shimfiɗa shi a tafin hannu,
cokali ɗaya na shinkafa da nama,
ta lanƙwasa gefe, ta naɗe, ta jera a tukunya
kamar sahun Juma'a, kafaɗa da kafaɗa.
Wurin Sittana maƙwabciyarmu ta koya.
Su mahshi suke ce masa,
mu a gidan nan sunansa "na Tasalla".

Na gwada, Allah ya gani.
Ganyen farko ya yage a hannuna,
na biyu ya buɗe baki ya tofar da shinkafa.
Yatsun da suka shekara arba'in suna jan koma a Nilu
sun san igiya, sun san ƙayar tarwaɗa,
amma yau ganye ya raina su.
Na bakwai ne ya zaunar da ni a kan turmi,
na yi tagumi har inuwar dalbejiya ta gusa.

Mudassir jikana ya tsaya a kaina,
ƙafafu furu-furu da ƙurar ƙwallo.
Ya ce, "Kaka, ai ciki ba ya tambayar naɗi."
Ɗan shekara tara!
Na dube shi, na dubi tarkacen ganye,
na ce, miƙo wuƙa.

Tukunya ɗaya, murhu ɗaya, gawayi ya yi ja.
Albasa ta faɗa mai tana tsaki,
nama ya bi ta, ya sake launi.
Tafarnuwa dakan turmi,
tumatir biyar na bakin kogi,
masoro, da barkonon nan da ake kira shatta,
wanda ba ya jin magana.
Ruwan randa moɗa huɗu,
shinkafa gwangwani guda, ba a cika shi ba.
Sai kabeji, yankan gaggawa, manya da ƙanana,
ya yi tozo ya fi bakin tukunya.
Na danne da murfi na tafi alwala.
Kafin in sallame La'asar ya sauko da kansa,
kamar fushin dattijo in an ƙyale shi.

Ƙamshi ba ya neman izini.
Ya tsallake katanga ya kirawo Sittana,
ta shigo da kisra a faifai,
ta karɓi ludayi ba ta ce uffan ba.
Ta kurɓa. Ta rufe ido.
Ta ce, "Wannan ba mahshi ba ne."
Na ce, na sani.
Ta ce, "Gishiri ya yi rowa. Kawo lemon tsami."
Ta matse rabi a ciki, ta cika kwano,
ta ci, ta ƙara.

Ina kwasar ƙarshe ludayi ya ci karo da wani abu
can a gindin tukunya.
Naɗi guda, karkatacce, gefe ɗaya ya fi kauri,
amma bai warware ba.
Na ɗaga kai.
Mudassir na lasar yatsa, yana kallon bango.
Ya ce, "Da ina zama kusa da ita,
ina kallon hannunta."

Muka raba shi uku a murfin tukunya.
Shinkafar ciki ba ta gama nuna ba.
Ba wanda ya faɗa.