Kalangun Kaka a Shagon Caji

A shagona na caji, bakin kasuwar Gujungu,
sama da allon soket,
nan na rataye kalangun kaka.
Tsarkiya ta saki, zanzaro ya yi gini a kango.

Kaka Shekarau ba ya ɗaga makaɗi
sai ya kalli ƙafa.
In Tabawa ta faɗo fage da ɗingishinta na gayu,
sai ya matse hammata,
fata ta kira sunanta, ta kira na uwarta,
har garin da aka yanke wa uwar cibi.
Ya ce rawa a bakin aiki aka tsince ta:
sunkuyon gayya, luguden mata,
jan guga a rijiya gaba ashirin.
Wata ne fitila. In ya faɗi, kowa ya kama gabansa.

Sai shekarar da gero ya ƙone a tsaye.
Samari suka yi kudu cin rani,
suka dawo da akwati mai baki biyu,
ba ya cin tuwo, ba ya jiran kari,
batir kawai, shi ma a shanya a rana ya farfaɗo.
In zare ya harɗe a sa biro a naɗe.
Daga cikinsa sarewar Indiya ta fito
ta koya wa 'yan matanmu karya wuya.
Kaka ya ce, to, shi wannan wa ya sani a garin nan?

Da aka yi shela an hana kiɗan dare,
dandali ya zama wurin shanyar barkono.
Rawa ba ta yi gardama ba,
ta ja mayafi ta shige cikin gida,
ta kifa ƙwarya a ruwan baho.

Ni na tashi a zamanin janareto.
Ɗanliti DJ, lasifika biyu a bayan babur,
fiyanon Kano, murya ta bi ta inji
ta fito sumul kamar an goge ta da mai.
Yau kuwa ɗari biyu nake karɓa
in cika maka memori.
Yara na jingina waya da bulo,
su taka wa mutanen da ba su san hanyar Taura ba.
A da kiɗa ke bin ƙafa.
Yanzu ƙafa ke haki a bayansa.

Amma ran Lahadin nan,
jikar Tabawa ta kawo caji, tallan awara a ka.
Na saki sabon kiɗa, na ƙure murya.
Ta taka sau uku, ta ja ƙafar hagu,
ɗingishin nan sak,
ita da ba ta taɓa ganin kakarta a tsaye ba.

Bango ya ɗauki rugugi.
Can sama na ji fata tana gunaguni,
ba hannu, ba makaɗi.
Na rage murya in saurara,
sai ta yi shiru.