Sanɗa a Osaka

Wasan bidiyon nan ya kai kashi bakwai,
Shunpei na nan kan bakansa: na uku ne gwani,
masu gadi da kunnen zomo,
laka tana tona asirin sawu.

Ni na farko nake so,
inda mai gadi yake kamar bulo,
ka jefa kwalba, ya bi ta
kamar akuya ta ga dusa.
Muna yara a saman shagon taliya,
mun kashe murya, mun rufa wa talabijin bargo,
Baba na barci bayan bangon takarda.
Shi ne mai gadin gaske.
In ya kama ka, babu sakewa.

Na biyar ya cika harbe-harbe.
Na bakwai, kyau kamar ka sace ka gudu,
amma jiya na raba dare a kansa,
murya a ƙure,
ba wanda ya buga bango.

Riƙe na ukunka, Shunpei.
Ni sanɗata a kan tabarmar gidanmu na koye ta,
taku ɗaya tak
tsakanin minsharin Baba da na gaba.