Katangar da Ke Kan Takarda

Aikina rubutu ne, ba magana ba.
Shekara goma sha tara a ɗakin kwamitin ɗa'a,
ƙarƙashin fanka mai ciwon wuya,
ina cafe kalmomi kafin su taɓa ƙasa.

Yau Talata. Ruwan Samar bai ɗauke ba tun asuba.
An kira ɗan majalisa Crisanto Balasbas.
Ya shigo cikin farar riga ta zaren abarba,
ya bi masu bincikensa da musabaha ɗaya bayan ɗaya.
Biyu su suka riƙe 'ya'yansa ranar baftisma,
na ukun a mota ɗaya suka yi yawon neman ƙuri'a.
Kura za ta tuhumi kura a kan ɓatan akuya.

Batun katangar teku ne.
Mita ɗari takwas, in ji takarda,
siminti buhu kaza, rodi tan kaza,
an biya, an sa hannu, an ɗauki hoto ana dariya.
Da guguwa ta taso a watan Nuwamba,
ashe ba ta iya karatu ba.
Ba ta ga katangar da ke kan takarda ba.
Ta shiga unguwar masunta kamar gidan ubanta.

Sai aka kira shaida.
Remedios Cabueños, mai shanya kifi,
ta zo da takalmi wari ɗaya a leda,
shuɗi, na yaro, igiyarsa a ɗaure.
Ta ajiye shi kan teburin da ake gogewa kullum.
Shugaba ya ce, wannan ba ya cikin hujjojin da aka shigar.
Ta ce, mai shi ma ba ya cikin waɗanda aka tsamo.

Yatsuna sun rubuta kafin zuciyata ta ji.

Balasbas bai tuna ba.
Na ƙirga, sau ashirin da uku.
Bai tuna ɗan kwangilar ba, ƙanin matarsa,
bai tuna benen da ya tashi a Tacloban cikin wata biyar ba.
Ranar haihuwar shugaba kam ya tuna,
ya yi masa murna lokacin shan kofi.

Lauya ya miƙe: a soke maganar matar nan.
Shugaba ya buga guduma: an soke.
To, amma ƙa'ida ta ce in rubuta abin da aka soke
domin a san me aka soke.
Na bi ƙa'ida sau da ƙafa,
ban taɓa son ta kamar yau ba.

Huɗu da uku aka tashi.
Gargaɗi a rubuce, dakatarwar kwana talatin,
albashi na tafiya.
Cikin ukun akwai tsoho Eleuterio
da bai ce uffan ba tun safe.
Hannunsa na rawa, amma bai sauke shi ba
sai da aka ƙirga shi.

Ɗaki ya watse. An kashe fanka.
Takalmin na nan kan tebur,
mai shara ta yi ta zagaye shi da tsumma.
Na ɗauke shi, na manna masa lamba,
na sa shi a akwatin zama na sittin da biyu
tare da shafi ɗari da tara.

Wata rana wani zai zo neman wani abu daban,
ya buɗe.

A waje teku na ci gaba da zamanta.
Ita ba a ɗage mata zama.