Babban Yatsa

Ƙarfe takwas da rabi a Balparaiso,
hazon teku bai gama sauka daga tsaunuka ba.
Ondina ta rataye jaka a bayan kujera,
ta jawo takardun kwantena arba'in da uku
masu kai ceri Shanghai.
Aikinta bai da yawa:
ta duba lamba, ta duba sanyi, ta buga hatimi.

Sai waya ta motsa a gefen kofin shayi.

Daƙiƙa goma sha biyar ce kawai, in ji zuciya.
Wata mage ta faɗa bokiti.
Wani yaro na rawa a kan rufin mota.
Wasu hannuwa marasa fuska na yanka sabulu
sala-sala, ba don kowa ya yi wanka ba.
Babban yatsa ya tura sama,
ya tura,
ya sake turawa,
kamar mai jan guga a rijiyar da ba ta da gindi.

Da ta ɗago, shayi ya huce,
tara ta gota da minti ashirin,
kuma ko za a yanka ta
ba za ta tuna na ukun da ta kalla ba.
Ci irin na kaza:
tsinci nan, tsinci can,
dare ya yi, ciki wayam.

Ta koma layi na bakwai.
Layin ya yi mata tsawo.
Lambobi goma sha ɗaya sun tsaya cik,
ba kiɗa, ba mai faɗuwa, ba mai ba da dariya.
Ido ya kai ta huɗu,
ya nemi a canja masa.

Kakanta Eleuterio, mai ɗinkin koma,
yakan zauna bakin gaɓa daga hantsi har la'asar,
zare a haƙori, gishiri a gemu,
yana bin raga ido bayan ido.
Yakan ce da ita:
hudar da ba ki gani ba, kifi ya gan ta.

Kwantena ta goma sha tara.
Inda sifili ya kamata ya tsaya shi kaɗai,
wani ɗan siririn ɗaya ya raɓe a gefensa.
Hatimi ya sauka, tim,
daidai lokacin da wani a cikin waya
ke soya ƙwai a kan injin babur.

Kwana ashirin da shida jirgi na tafiya,
ceri na nuna a cikin duhu,
suna wuce nuna.

Don Anibal bai ɗaga murya ba.
Da ma ya ɗaga.
Hoto ya ajiye mata a kan tebur:
ƙofar ƙarfe a buɗe,
jan ruwa na bin ƙasa kamar an yi yanka.
Ya ce, "Wata takwas wani ya yi yana ban ruwa a Kuriko."
Ya ja ƙofa a hankali.

Hoton ba ya motsi.
Ta sa yatsa ta tura shi, bisa sabo,
bai tafi ba,
wani bai zo ba.

Yanzu kowace safiya
tana jefa wayar a gwangwanin biskit,
ta miƙa wa Nibaldo mai gadi,
shi ma da tasa a tafin hannu, yana murmushi shi kaɗai.

Ba ta warke ba.
Yatsan na nan yana shafar katako,
yana neman abin da zai kora.
Amma jiya ta tsaya a taga
ta kalli jirgi ɗaya yana barin tasha,
minti goma sha ɗaya cur.
Ba abin da ya faru.
Ta kalla har ƙarshe.